Ista A Ƙetaren Gada: Begen Kiristan Kaduna Cikin Shekarun Tsanani

Kowace shekara idan bazara ta tsaya, zafi ya kai matuƙa, manoma suka zuba wa gabas ido suna sauraron hadarin fari, a lokacin ne mabiya addinin Kirista suke yin babban bikinsu da ake kira Ista, watau tunawa da tashin Yesu Almasihu daga matattu bisa ga imaninsu. Gwamnatin Tarayya takan ba da hutun ranar Jumma'a da na ranar Litinin, a rufe ofisoshi da bankuna da makarantu. Ga ma'aikaci ko ɗalibin da ba Kirista ba, abin bai wuce hutu ba. Amma ga dubban iyalai mazauna unguwannin da ke kudu da Kogin Kaduna, irin su Kakuri, da Barnawa, da Narayi, da Sabon Tasha, da Unguwar Talabijin, da Unguwar Romi, da Gonin Gora, wannan mako shi ne ma'aunin shekara duka, domin a cikinsa ne mutum yakan tambayi kansa ko har yanzu yana da dalilin sa zuciya ga gobe.

Tambayar kuwa ba ta wasa ba ce a wannan yanki. Tun daga shekarar 2000, sau da yawa bikin ya zo ya tarar da mutanen nan cikin makoki, ko cikin dokar hana fita, ko suna jiran wani nasu da ke hannun 'yan bindiga a daji. Duk da haka majami'u ba su daina cika ba. Ya kamata mai karatu, ko Musulmi ne ko Kirista, ya san abin da ke riƙe da zukatan waɗannan maƙwabta nasa, ya kuma san inda wannan abu yake gamuwa da jarrabawa mafi tsanani.

YADDA KOGI YA ZAMA IYAKA

Da can kudancin kogi unguwar ma'aikata ce, ba wanda ya san ta da wani addini. A nan ne babbar tashar jirgin ƙasa take, inda layin dogo na Ikko zuwa Kano ya haɗu da wanda ya fito daga Fatakwal. A Kakuri aka kafa masaƙar Kaduna Textiles a 1957, sa'an nan wasu masaƙu irin su Arewa Textiles da United Nigerian Textiles suka biyo baya cikin shekarun 1960. Kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975, matatar mai kuma aka buɗe ta a 1980. Waɗannan wurare ne suka jawo mutane daga ko'ina: Bajju da Atyap da Ham da Adara daga kudancin jiha, Hausawa da Fulani daga arewa, Tibi da Idoma daga Binuwai, Ibo da Yarabawa daga kudancin ƙasa, dukansu suka tarar da Gbagyi 'yan asalin wurin. Idan jiniyar masaƙa ta yi kuka, Musulmi da Kirista ƙofa ɗaya suke shiga, gidan haya ɗaya kuma suke komowa.

Abin da ya sauya wannan zama shi ne rikicin da ya ɓarke ran 21 ga Fabrairu, 2000, a kan batun ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar, wanda ya sake tashi cikin watan Mayu na shekarar. Hukumar binciken da Gwamnatin Jiha ta kafa ta ƙidaya mutum 1,295 da suka rasa rayukansu, wasu ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam kuwa suka ce adadin ya kai 2,000 ko fiye. A watan Nuwamba na 2002 aka sake yin wani tashin hankalin a kan gasar sarauniyar kyau ta duniya, mutum wajen 250 suka halaka. Bayan waɗannan fitinu sai kowa ya nemi inda nasa suka fi yawa. Kirista da yawa suka sayar da gidajensu na Tudun Wada da Rigasa da Kawo, ko suka yi musaya da su, suka ƙetaro kudu. Musulmi da yawa su ma suka bar Sabon Tasha da Unguwar Talabijin suka koma arewa. Har matasa suka shiga kiran arewacin gari Makka, kudanci kuma Urushalima.

Lalle rabuwar ba ta zama ɗungurungum ba, gama har yanzu akwai Musulmi a Kakuri da Makera da Barnawa da Nasarawa, akwai kuma Kirista da manyan majami'unsu a arewacin kogi. Amma an haifi yara, sun girma, sun yi aure, ba su taɓa zama gida ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba. A cikin irin wannan gari ne ake yin bikin Ista.

ABIN DA AKE TUNAWA

Ranar Ista ba ta tsaya wuri ɗaya a kalanda kamar Kirsimeti, da wata ake lissafinta. Bisa ga ƙa'idar da ta samo asali daga taron manyan malaman Kirista a birnin Nikiya a shekarar 325, Lahadin farko bayan cikar wata ta farko daga ran 21 ga Maris ita ce Ista, saboda haka takan faɗo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Kafin ta akwai azumin kwana 40 wanda 'yan Katolika da 'yan Angalika da wasu ɗariƙu suke farawa ran Larabar Toka. Bayanta kuma akwai kwana 50 na murna har zuwa ranar Fentikos.

Makon ƙarshe shi ake kira Mako Mai Tsarki. Ran Lahadin Dabino akan ga jerin gwanon masu riƙe da ganyen dabino a titunan Narayi da Sabon Tasha. Ran Alhamis limamin majami'a yakan wanke ƙafafun wasu daga cikin jama'arsa, don tunawa da abin da Almasihu ya yi wa almajiransa. Ran Jumma'a ake bin Hanyar Gicciye, matasa su kwaikwayi shari'ar da aka yi wa Yesu da ɗaukar gicciyensa cikin tsakar rana. Asabar ranar shiru ce, sai da dare a hura sabuwar wuta, a kunna babban kyandir, a yi wa sababbin masu bi baftisma. Ran Lahadi tun da asuba wasu ikilisiyoyi suke fara sujada, saboda Linjila ta nuna mata ne suka yi sammako zuwa kabari suka tarar ba kowa a ciki. Ran Litinin kuma iyalai su fita shan iska da kwanukan abinci, abin da ake kira zuwa Galili.

Sanannen abu ne cewa Musulmi, waɗanda suke girmama Annabi Isa ƙwarai, ba su yarda an gicciye shi ba, kuma wannan bambanci ba abin ɓoyewa ba ne. Amma wanda yake so ya fahimci maƙwabcinsa Kirista sai ya lura da jerin kwanakin nan uku. Labarin bai tsallake Jumma'a ba, watau ranar zalunci da cin amana da mutuwar marar laifi. Bai kuma tsallake Asabar ba, ranar da aka rufe kabari, almajirai suka ɓuya don tsoro, ba wanda ya san abin da zai biyo baya. Sai bayan waɗannan biyu Lahadi ta zo. Shi ya sa uwar da aka sace ɗanta, ko magidancin da aka sallama daga aiki ba a biya shi haƙƙinsa ba, yakan ga kansa a cikin labarin tun kafin a kai ƙarshensa.

BEGE DA SA ZUCIYA

A galibin majami'un yankin akwai sashen Turanci da sashen Hausa, domin Hausa ce take haɗa Bajju da Gbagyi da Adara a benci ɗaya. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Walter Miller na Wusasa ya yi wa jagora tare da abokan aikinsa. Masu fassara, na da da na baya, sun yi amfani da kalmomi biyu wajen bayyana abin da Kirista yake riƙe da shi game da gobe, watau bege da sa zuciya.

A Hausar yau da kullum bege shi ne ɗokin wanda ake ƙauna alhali ba ya kusa, kamar yadda sha'irai suke begen Annabi. Sa zuciya kuwa jiran abin da aka yi wa mutum alkawarinsa ne. Dukansu biyu sun fi fata nauyi, gama ana iya yi wa mutum fatan alheri a bakin hanya a wuce, amma mai bege da mai sa zuciya a tsaye suke suna jira. Malaman Kirista suna koyar da cewa tashin Almasihu shi ne jinginar da aka ba su cewa mutuwa da mugunta ba su ne za su yi magana ta ƙarshe ba, kuma wannan shi ne jigon sura ta 15 ta wasiƙar Manzo Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa, wadda ake yawan karantawa a lokacin Ista da kuma a bakin kabari.

Tarihin ikilisiyoyin kansu ma yana ƙarfafa wannan koyarwa. A ƙarshen 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da niyyar kawo bishara ƙasar Sudan. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku cikin ƙasar Zazzau, Kent ya rasu a Bida, daga baya kuma Bingham ya koma gida. Sai a 1902 aka samu kafa tashar farko a Patigi. Daga wannan aiki ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954, wadda yau da wuya a sami unguwa a kudancin kogi da ba ta da reshe. Ikilisiyar da ta fara da kaburbura biyu ba ta rasa abin da za ta faɗa wa mai makoki.

SHEKARUN DA BIKI YA ZO CIKIN MAKOKI

A 2011 an yi zaɓen Shugaban Ƙasa ran 16 ga Afrilu, tarzomar da ta biyo baya kuwa ta faɗo daidai cikin Mako Mai Tsarki. Mutum fiye da 800 suka mutu a jihohi 12 na Arewa, Jihar Kaduna ce ta fi kowace hasara. An ƙona majami'u a garuruwan arewa, an kuma kashe Musulmi da yawa a Zonkwa da Kafanchan da kewaye. Aka yi Istar ran 24 ga Afrilu sojoji na kan titi.

A shekara mai biye, ran Lahadin Ista, 8 ga Afrilu, 2012, wata mota ɗauke da bam ta nufi wajen wasu majami'u biyu da ke kusa da Junction Road, masu tsaro suka hana ta wucewa, ta je ta fashe a bakin titi. Mutum 38 aƙalla suka rasu, yawancinsu 'yan acaɓa da masu ƙananan sana'o'i da suka fito neman abinci, bam ɗin kuwa bai tambayi addinin kowa ba. Ran 17 ga Yuni na shekarar aka sake kai hari majami'u biyu a Zariya da ɗaya a Tirkaniya. Tun daga lokacin sujada ta sauya kama. Aka kafa shingaye a ƙofofin majami'u, aka hana ajiye mota kusa, aka sa matasa binciken masu shiga da na'ura, wasu wurare aka hana mata shiga da manyan jakunkuna, sujadar dare kuma aka jawo ta zuwa yamma.

A 2020 masifa biyu suka haɗu. Ran 8 ga Janairu 'yan bindiga suka shiga makarantar horar da limaman Katolika ta Good Shepherd da ke Kakau a kan hanyar Abuja, suka tafi da ɗalibai huɗu. Uku suka dawo, na huɗun, Michael Nnadi, ɗan shekara 18, gawarsa aka samu. Bayan wata biyu sai ga annobar korona, Gwamnatin Jiha ta rufe gari daga ran 26 ga Maris, har Istar ran 12 ga Afrilu ta zo majami'u na kulle. Magidanta suka zama limaman gidajensu, wasu suka bi sujada ta rediyo da talabijin. Ba a sake buɗe wuraren ibada ba sai cikin watan Yuni.

Sa'an nan aka shiga shekarun satar mutane. Ran 20 ga Afrilu, 2021, aka kwashe ɗaliban Jami'ar Greenfield, aka kashe biyar daga cikinsu. Ran 5 ga Yuli aka sace ɗalibai 121 daga makarantar sakandare ta Bethel Baptist a kan hanyar Kachia. Iyaye suka tare a harabar makarantar suna addu'a dare da rana, aka riƙa sako yaran kashi kashi, 28 na farko ran 25 ga Yuli, na ƙarshe kuwa bai ga gida ba sai a watan Nuwamba na 2023. Ran 28 ga Maris, 2022, saura mako uku a yi Ista, aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, aka kashe mutum takwas aƙalla, aka tafi da fiye da 60, Musulmi da Kirista, waɗanda na ƙarshensu ba su fito ba sai a watan Oktoba. Ran Lahadi 7 ga Mayu, 2023, cikin kwanakin murnar Ista, aka kwashe masu sujada wajen 40 daga wata majami'ar Baftis a ƙauyen Madala cikin Ƙaramar Hukumar Chikun. Sunan majami'ar kuwa Bege.

FANSA IRI UKU

Akwai kalma ɗaya ta Hausa da ta tattara dukan halin da Kiristan yankin suka sami kansu, ita ce fansa. A majami'a Mai Fansa sunan Almasihu ne, wanda aka gaskata ya ba da ransa don ya 'yantar da mutane. A waya da tsakar dare kuwa kuɗin fansa ake nema, iyali su sayar da gona da fili da babur, ikilisiya ta yi baiko na musamman, a tara miliyoyin naira a kai daji. Gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta tsaya a kan ba za ta biya 'yan bindiga ko kwabo ba, bisa hujjar cewa kuɗin makamai suke zama, hujjar kuwa tana da ƙarfi. Amma uban da aka sa ɗansa a waya yana kuka ba ya jin wannan lissafi. Fansa ta uku ita ce wadda ake ɗauka, watau ramuwar gayya, kuma ita ce babbar jarrabawar begen Kirista.

Gaskiya ita ce ba kullum aka ci wannan jarrabawa ba. A ranar da aka kai harin 17 ga Yuni, 2012, wasu matasa sun tare hanyar Abuja a wajen Gonin Gora, suka fito da matafiya Musulmi waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba, suka kashe su. Ramuwa ta jawo ramuwa, har Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, Kirista na farko da ya mulki jihar, ya sa dokar hana fita ta awa 24. Iyalan waɗannan matafiya su ma suna da ranar makokinsu, kuma wa'azin tashin matattu ba zai yi nauyi a kunnensu ba muddin ba a ambaci matattunsu ba.

Amma akwai lokutan da aka ci jarrabawar. Ran 11 ga Fabrairu, 2020, da aka yi jana'izar Michael Nnadi a Kakau, Bishop Matthew Hassan Kukah na Sakkwato ya yi wa'azi mai zafi, ya zargi Gwamnatin Tarayya da gazawa da nuna son kai, bai rage komai ba. A cikin wa'azin nan kuma ya amsa cewa akwai fushi, akwai kuma sha'awar ramuwa, sa'an nan ya tunatar da jama'a cewa Almasihu ya umarci almajirinsa ya mai da takobi kube a daren da aka kama shi. Aka binne saurayin aka watse, ba a taɓa kowa ba. Wannan ya nuna cewa bege bai hana mutum neman haƙƙinsa da babbar murya ba, abin da ya hana shi ne ɗora laifin ɗan bindiga a kan mai shayin bakin titi.

TUKUNYA DA ALJIHU

Ba harsashi kaɗai ke gwada zuciya ba, yunwa ma tana yi. An rufe masaƙar Kaduna Textiles a 2002, sauran masaƙu suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya, dubban ma'aikata suka koma acaɓa da gadi da noman bakin kogi, da yawa suka mutu suna jiran kuɗin sallama. Matatar mai ta shafe shekaru ba ta aiki. Bayan janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Gidan da aka saba yanka kaza da ɗinka wa yara sababbin kaya saboda Ista ya koma lissafin mudun shinkafa. Tafiya ƙauye don yin biki da dangi, wadda a da ba a fasawa, tsadar mota da tsoron hanya suka rage ta.

A nan ne aikin Zumuntar Mata yake fitowa fili. Waɗannan mata masu zane iri ɗaya, waɗanda aka fi sani da kiɗan tulu da waƙoƙin Hausa a lokacin sujada, su ne suke riƙe da adashi, su ne masu kai wa gwauraye da marayu hatsi, su ne masu kwana a gidan mutuwa, su ne kuma masu karɓar waɗanda suka gudo daga ƙauyukan Chikun da Kajuru. Asibitin St. Gerard na Katolika da ke Kakuri, wanda aka kafa a 1957, yana cikin wuraren da aka kai waɗanda suka ji rauni a harin jirgin ƙasa, ba tare da an tambayi kowa inda yake fuskanta in zai yi addu'a ba.

Sai dai kuma inda wahala ta yi yawa, 'yan kasuwar bege ba sa rasa ciniki. Akwai masu wa'azin da suke yi wa talaka alkawarin arziki nan take in ya ba da abin da ke aljihunsa, su kira shi shuka iri. Dattawan ikilisiyoyi da yawa suna gargaɗi a kan haka, suna cewa labarin Ista bai yi wa kowa alkawarin tsallake Jumma'a ba. Begen da aka saya da kuɗi yakan ƙare ranar da kuɗin suka ƙare.

MASU ƘETARE GADA

Linjila ta nuna cewa da Almasihu ya bayyana ga almajiransa, tabon ƙusoshi na nan a hannuwansa, har Toma ya nemi ya gani da idonsa. Malaman Kirista sukan ɗauki darasi daga nan cewa sabuwar rayuwa ba ta share tabo, tare da shi ake ci gaba. Kaduna tana da misalin haka a fili. Fasto James Movel Wuye ya rasa hannunsa na dama a faɗan da ya biyo bayan rikicin Zangon Kataf a 1992, Imam Muhammad Nurayn Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu a wannan faɗa, kowannensu yana jagorancin matasan ɓangarensa. Suka haɗu a 1995, bayan doguwar tuhumar juna suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinan biyu. Da ƙoƙarinsu ne malamai 22, Musulmi 11 da Kirista 11, suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna ran 22 ga Agusta, 2002, a zamanin Gwamna Ahmed Mohammed Makarfi. Ko da yake bayan wata uku aka sake yin faɗa, mutanen biyu ba su rabu ba, har aka riƙa gayyatarsu sulhu a Jihar Filato da ƙasar Kenya.

A Sabon Tasha ma an san majami'ar Fasto Yohanna Buru da karɓar baƙi Musulmi a lokacin bukukuwa, shi kuma yakan kai wa mabukata hatsi a watan azumi. A 2017 Gwamnatin Jiha ta kafa Hukumar Zaman Lafiya, ta ba Bishop Josiah Idowu-Fearon shugabancinta, malamin Angalika wanda ya yi zurfin karatu a kan addinin Musulunci. Kalanda ma ta taimaka, domin a 2022 da 2023 da 2024 Ista ta faɗo ne a cikin watan Ramalana, gari ɗaya yana azumi biyu, farashi ɗaya kuma yana cin kowa a kasuwa.

Masifa ita ma ba ta san kogi ba. Ran 3 ga Disamba, 2023, jirgin soja marar matuƙi ya yi kuskuren jefa bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri, mutum 85 aƙalla suka rasu. Ran 7 ga Maris, 2024, aka sace 'yan makarantar Kuriga cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, aka sako 137 ran 24 ga wata, ranar da ta zo daidai da Lahadin Dabino, tana kuma cikin Ramalana. Kukan uwa a Kuriga da kukan uwa a harabar Bethel iri ɗaya ne.

Haƙurin da addini yake koya wa jama'a bai sauke wa hukuma nauyinta ba. Tsaron hanya da gona da makaranta, da biyan tsofaffin ma'aikata haƙƙinsu, da hukunta wanda ya zub da jini ko daga wane ɓangare yake, duk aikin gwamnati ne, kuma bege yakan gaji idan aka bar shi yana ɗaukar kayan da ba nasa ba.

Akwai kuma rabon da ya faɗo wa masu karanta wannan shafi. Kowace safiya motocin haya da kekunan adaidaita suna ƙetare gada cike da ma'aikata daga Sabon Tasha da Narayi zuwa sakatariya da asibitoci da babbar kasuwa, ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna kuma suna ƙetarowa daga arewa zuwa reshenta na Barnawa. Ofis da aji su ne wuraren da suka rage inda ɗan Rigasa da ɗan Unguwar Romi suke zama a teburi ɗaya kowace rana. Idan aka koma aiki ran Talata bayan hutu, wanda ya tambayi abokin aikinsa yadda aka yi biki, da lafiyar mutanen ƙauye, da labarin wanda aka sace ko ya dawo, ya ɗan rage faɗin kogin. Shi ma in Salla ta zo, sai ya sa zuciya za a zo masa da irin wannan gaisuwa.